RIGIMA DABAN, ƘIN BIYA DABAN: A CIRE MANA BAƘIN TAMBARI DAGA RAJISTAR BASHI



A wannan fitowa muna so mu ja hankalin kowane magidanci a kan wani zalunci mai tafiya a ɓoye, wanda ba ya zuwa da ɗan sanda ko sammaci, amma yana iya rufe wa mutum ƙofar abinci shekara da shekaru. Ga yadda yake faruwa. Mutum ya yi yarjejeniya da kamfani, ya karɓi Keke Napep, ko babur, ko wayar hannu, ko na'urar sola, a kan zai riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ana cikin tafiya sai saɓani ya shiga. Ko dai kayan ya lalace tun a watan farko, ko ejan ya karɓi kuɗi bai shigar a littafi ba, ko an ƙara kuɗin ruwan da babu shi a takarda, ko kuma an zo an ɗauke kayan sannan aka ci gaba da lissafa masa bashi kamar yana hannunsa. Sai mutumin ya ce ba zai ƙara biyan sisi ba sai an zauna an yi lissafi. Kamfani bai zauna da shi ba, bai kai shi kotu ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya aika da sunansa rajistar bashi a matsayin wanda ya ci kuɗin mutane ya ƙi biya.

Shi bawan Allah bai san an yi ba. Sai bayan shekara ɗaya ko biyu, ran da ya je neman rance don ya ƙara jari, ma'aikacin banki ya duba kwamfuta ya ce masa, "Malam, ka yi haƙuri, sunanka yana da matsala." Daga nan duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa amsa ɗaya ce.

Mu dai matsayinmu a fili yake: wanda yake jayayya a kan lissafi bai zama maciyin bashi ba, kuma babu kamfanin da yake da ikon zama mai ƙara ya kuma zama alƙali a shari'a ɗaya.

WACE CE WANNAN RAJISTA?

A Nijeriya akwai kamfanoni uku da Babban Bankin Ƙasa, wato CBN, ya ba lasisin tattara tarihin bashin jama'a: CRC Credit Bureau, da FirstCentral, da CreditRegistry. Ban da su, shi kansa CBN yana da nasa kundin na masu cin bashin banki tun shekarun 1990. Aikin waɗannan kamfanoni uku shi ne su karɓi bayani daga masu ba da bashi, su adana, su sayar wa wanda yake son ya san halinka kafin ya ba ka rance. Umurnin CBN ne cewa banki ya duba aƙalla biyu daga cikinsu kafin ya ba da bashi.

Dokar da ke kula da su ita ce Dokar Rahoton Bashi ta 2017, wadda Farfesa Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a watan Mayu na shekarar, lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa. Wannan doka ba ta tsaya a kan bankuna kaɗai ba. Ta buɗe ƙofa ga ƙananan bankuna, da kamfanonin inshora, da na lantarki da na sadarwa, da duk mai sayar da kaya a kan biya daga baya ko kaɗan-kaɗan, su ma su aika da bayani. Tun da aka shigo da lambar BVN a 2014, ba a kuma ɓuya ta hanyar sauya banki ko sauya gari. Tambarin da aka buga maka a Legas zai bi ka Kano, zai bi ka Fatakwal.

Dokar ta ce a riƙe bayanin aƙalla shekara 6, bayan haka a ajiye shi a ma'adana na wasu shekara 10. A duba da kyau: kuskuren ejan ɗaya da bai shigar da kuɗinka ba yana iya zama a kanka har yaron da aka sa a firamare ya gama aji shida.

Akwai kuma wani tsari da CBN ya fara a ranar 1 ga Agusta, 2020, wanda ake kira GSI. A ƙarƙashinsa, idan ka sa hannu a takardar izini lokacin karɓar rancen banki, kuma aka lissafa ka cikin waɗanda suka kasa biya, bankin yana iya cire kuɗinsa daga asusunka na wasu bankuna. Ke nan kalmar "ya ƙi biya" ta wuce zancen baki, tana iya shiga aljihu.

ME YA SA ABIN YA FI MANA CIWO?

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Kakanninmu da suka sauka a Sabo ta Ibadan, da Shagamu, da Agege, ba su zo da takardar fili ba. Cinikin goro da na shanu tsakanin Arewa da Kurmi an yi shi ne a kan amana. Maigida yakan tsaya wa baƙonsa, dillali yakan ba mahauci sa a kan bashi ba tare da rubutu ba, saboda ya san sunan mutum da halinsa. Sunan kirki shi ne jari, shi ne jingina.

Har gobe lamarin bai canza sosai ba. Da yawa daga cikinmu a gidan haya muke, a rumfar haya muke kasuwanci. Wanda aka haifa a nan, aka haifi ubansa a nan, yana iya neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma a hana shi. Gonar gado tana can gida, banki ba zai karɓe ta jingina ba. Ɗan gari idan sunansa ya ɓaci a rajista yana iya kawo takardar gidan ubansa, ko ya sami ɗan uwa ma'aikacin gwamnati ya tsaya masa. Mu fa? Abin da muke da shi wanda banki zai iya gani shi ne tarihinmu na biyan bashi. Wanda ya ɓata wannan tarihi a kan ƙarya ya ƙwace mana jinginar da muka mallaka ke nan.

Sannan sana'o'inmu su ne masu saurin faɗawa cikin irin wannan rigima. A ranar 1 ga Yuni, 2022, gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6, daga baya a watan Satumba ta ƙara 4. A watan Fabrairu na 2021 rikici ya cinye rumfuna a kasuwar Shasha ta Ibadan. Duk wanda irin wannan ya afka wa alhali yana kan biyan babur ko rancen jari, dole magana ta taso tsakaninsa da mai binsa: nawa ya rage, wa zai ɗauki asara, akwai inshora ko babu. Waɗannan tambayoyi ne na yarjejeniya, ana warware su a teburin sulhu ko a kotu. Danna maɓalli a kwamfuta ba ya warware su.

AMSA GA MASU CEWA MUNA KARE MACIYA BASHI

Mun san za a ce, "Ai idan kowa ya ce yana jayayya aka share sunansa, rajistar ba ta da amfani." Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu ce a share sunan kowa don ya ɗaga murya ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda ya ci haƙƙin wani dole ya biya. Rajista mai gaskiya tana amfanar talaka fiye da kowa, domin ita ce take ba wanda ba shi da gida ko fili damar nuna cewa shi mutumin kirki ne. Wanda bashinsa gaskiya ne, ya sani cewa babu wanda zai goge masa. Idan ya biya, za a rubuta cewa ya biya, amma tarihin jinkirin zai zauna zuwa lokacin da doka ta yanka.

Abin da muke ƙi shi ne a mayar da rajista sandar duka. Kamfanin da ya san lissafinsa ba zai tsaya a gaban alƙali ba, sai ya ce maka, "Ka biya abin da muka ce, ko sunanka ya zauna a can." Shi ba ya asarar komai, kai ne kasuwarka take tsayawa. Da yawa sukan biya kuɗin da ba a bin su don kawai su huta. Ina bambancin wannan da ƙwace?

Mu ɗauki misali. A ce an ba mutum Keke a kan naira miliyan 5, ya biya miliyan 3 da dubu 200, sannan ya yi jinkiri saboda rashin lafiya. Dokar sayen kaya ta biya kaɗan-kaɗan ta 1965 ta ce idan abin hawa ne kuma an biya kashi uku cikin biyar na kuɗinsa, mai kaya ba zai mayar da shi mallakarsa ba sai ta hanyar kotu. Idan kamfani ya ɗauke Keken ya sayar wa wani ba tare da zuwa kotu ba, sannan ya aika wa rajista cewa yana bin mutumin miliyan 1 da dubu 800, shin wane ne ya karya doka? Amma a fuskar kwamfutar banki, sunan wa zai fito da jan tambari?

ABIN DA DOKA TA BA MU

Abin farin ciki, doka ba ta bar mu hannu biyu ba. Matsalar ita ce da harshen Turanci take, kuma masu amfana da jahilcinmu ba za su fassara mana ba.

Na ɗaya, kowane mutum yana da haƙƙin karɓar rahoton bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara. Na biyu, idan ka ga abin da ba daidai ba, kana da haƙƙin kai koke a rubuce, kuma dole a bincika a ba ka amsa cikin kwanakin aiki 10. Na uku, yayin da ake binciken, dole a nuna a rahotonka cewa ana jayayya a kan wannan bayani, don duk bankin da ya duba ya san magana ba ta ƙare ba. Na huɗu, idan ba a warware ba, maganar tana wucewa CBN, shi ma yana da kwanakin aiki 10. Idan har yanzu ba ka gamsu ba, ƙofar kotu a buɗe take.

Ban da wannan, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba kowa haƙƙin neman a gyara bayanin da ba daidai ba da wani kamfani yake riƙe da shi a kansa, kuma akwai hukumar NDPC da ake kai wa ƙara. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tana sauraron koke a kan kamfanonin da suke cutar abokan ciniki. Ita ce a 2022 ta dirar wa ofisoshin masu ba da rance ta manhajar waya a Legas, irin waɗanda suke aika wa dangin mutum saƙon cin mutunci, ta kuma tilasta musu yin rajista.

HANYAR DA ZA A BI

Da farko ka nemi rahotonka daga kamfanonin nan uku gaba ɗaya, ta intanet ko a ofishinsu, da lambar BVN da katin shaida. Kada ka tsaya a kan ɗaya, domin mai binka yana iya aikawa wannan bai aika wa wancan ba. Ka duba sunan kamfanin da ya aiko, da adadin kuɗin, da kwanan wata. Ka duba ko bashin naka ne ma, domin a cikinmu masu suna iri ɗaya suna da yawa, kuma akan rubuta suna ɗaya ta hanya uku.

Sai ka tattara hujja: takardar yarjejeniya, rasit, saƙon alat na banki, takardar bayanin asusu, saƙonnin WhatsApp tsakaninka da ejan, hoton kayan da ya lalace, da sunan shaidun da suka ga an ɗauke kaya. Ka yi kwafi, ka ɓoye na asali. Kada ka miƙa wa kowa takardar asali, ko da manaja ne.

Sannan ka rubuta wasiƙa ga kamfanin da ya aika da sunanka, ka aika kwafi ga rajistar da bayanin ya fito. Wasiƙar ta zama gajeriya. Ka faɗi abin da aka rubuta a kanka, da dalilin da ya sa ba daidai ba ne, da hujjar da ka haɗa, da abin da kake nema: a sa alamar jayayya nan take, a gyara ko a cire bayanin, a ba ka amsa a rubuce. Ban da zagi, ban da barazana. Ka tabbata an buga hatimi da kwanan wata a kwafinka. Idan banki ne, ka nemi lambar koke. Wannan hatimi shi ne yake fara lissafin kwana 10. Magana ta waya ko ta fatar baki ba ta fara komai.

A nan akwai abin lura. Ita rajista ba kotu ba ce. Takan koma ga wanda ya aiko da bayani ta tambaye shi, kuma idan ya dage, ba ita za ta yanke hukunci a kan wanda ya karya yarjejeniya ba. Saboda haka dole a kashe maganar daga tushe. Idan banki ne ko ƙaramin banki, a kai wa sashen kare abokan hulɗa na CBN. Idan mai sayar da kaya ne, a kai wa FCCPC. A Legas akwai Cibiyar Sulhu ta Jama'a da ke aiki kyauta, da ofishin lauyoyin gwamnati masu kare marasa ƙarfi, da kotun ƙananan basuka da aka buɗe a 2018, inda mutum yake iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba. Sauran jihohi akwai ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Idan aka zo sulhu, to a nan ne ake yin babbar asara. Mutum yakan biya abin da aka daidaita, a yi musafaha, kowa ya kama gabansa, amma jan tambari yana nan daram. Kafin ka biya ko kwabo, a rubuta a takardar sulhu cewa kamfani zai aika da gyara ga duk rajistar da ya kai sunanka, a sa ranar da zai yi, kuma zai ba ka takardar shaidar cewa ba ya binka komai. Bayan wata ɗaya ko biyu ka sake ciro rahoto ka gani da idonka. Idan ba a gyara ba, takardar sulhun ita ce makaminka.

HATTARA DA ABU UKU

Na farko, masu cewa sun san wani a ciki, a ba su wani abu su wanke suna. Babu wannan hanya. Gyara yana fitowa ne daga wanda ya aika da bayanin, ko daga umurnin hukuma ko na kotu. Wanda ya ba ɗan damfara kuɗi da lambar BVN ya yi asara biyu, domin da ita za a iya cin wani sabon bashi da sunansa.

Na biyu, ara wa wani suna. Ɗan uwa ya zo daga gida ba shi da asusu, sai a ce ya karɓi rance ko babur da sunanka. Ran da rigima ta tashi, rajista kai ta sani. Haka ma tsaya wa mutum: wanda ya sa hannu a matsayin mai tsayawa ya ɗauki nauyin bashin.

Na uku, yin fushi a watsar da magana. Wani yakan cire layin waya, ya bar asusun, ya ce ya bar su da Allah. Haƙuri abu ne mai kyau, amma a wannan fage shiru yana nufin ka amince da lissafinsu, kuɗin ruwa kuma yana ta hawa. Idan akwai ɓangaren bashin da ka yarda ana binka, ka ci gaba da biyansa ta banki, ka rubuta cewa sauran ne kake jayayya a kai. Wannan yana nuna wa duk wanda zai saurari maganar cewa kai ba mai gudun bashi ba ne. Kuma kada mu manta, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutu ba rashin yarda ba ne.

KIRANMU

Ga kamfanoni da bankuna: ku sanar da mutum a rubuce kafin ku kai sunansa. Idan ya riga ya kawo koke, ku faɗa wa rajista cewa akwai jayayya. Ku ɗauki alhakin ejan ɗinku, domin kuɗin da ya shiga hannun wakilinku ya shiga hannunku. Ku kuma karanta wa mutum yarjejeniya da harshen da yake ji kafin ya dangwala yatsa.

Ga CBN da FCCPC: wa'adin kwana 10 ba ado ba ne. Kamfanin da ya aika da bayanin ƙarya ya ƙi gyarawa, a hukunta shi, jama'a su ji. A kuma fitar da bayanin haƙƙin masu cin bashi da Hausa, da Yarbanci, da Ibo, a rediyo da kasuwanni.

Ga sarakunan Hausawa, da shugabannin kasuwa, da na 'yan Keke da 'yan acaɓa, da limamai: kamar yadda kuke tsayawa idan an kama ɗanmu ba bisa ƙa'ida ba, haka ya kamata ku tsaya idan an ɗaure sunansa. A kowace unguwa akwai matasanmu da suka yi boko. A ware musu rana ɗaya a mako su riƙa karanta wa mutane yarjejeniya, su ciro musu rahoto, su rubuta musu wasiƙa. Idan mutum goma suna da koke a kan kamfani ɗaya, a haɗa a kai tare, domin tsintsiya ɗaure take shara.

Ga iyayenmu mata masu sana'a da suke karɓar rancen ƙungiya daga ƙananan bankuna: ku riƙe katin biyanku, ku tabbata ana sa hannu duk mako, kada ku bari ya kwana a hannun jami'in karɓar kuɗi.

Ga kowane magidanci: kada ka jira sai ranar da kake neman rance. Ka ciro rahotonka a wannan shekara, kyauta ne. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mun zauna a waɗannan garuruwa shekara fiye da ɗari a kan gaskiya da riƙon amana, muna biyan haraji, muna biyan haya, muna biyan bashi. Wanda yake binmu da gaskiya za mu biya shi. Wanda ya rubuta ƙarya a kan sunanmu kuwa, za mu bi shi da takarda har ya goge.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya raba mu da bashin da ba za mu iya biya ba, Ya kare mana mutuncinmu. Amin.